Gurbin da Ka Bar Mini a Waƙa ta Bakwai

Zuwa ga abokina Davou,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na fara rubuta cewa ina fatan kana lafiya, sai na tsaya na goge, domin ban san yadda ake gaida mutumin da ya riga ya kwanta ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu motar da ke zuwa inda kake, babu wanda zan ba saƙo. Amma magana ta yi mini yawa a ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa in ba kai ba. Damina biyu ke nan tun da muka kai ka Vom muka dawo babu kai.

Bari in fara da labarin da na san zai fi yi maka daɗi. Faifanka ya fito. Waƙoƙi goma cif, da sunan da ka zaɓa tun da farko, Hanyar Vom. 'Yarka Nvou ce ta tsaya tsayin daka har aka gama. Ta sa hoton nan naka a bango, wanda kake zaune a kan dutsen bayan gidan mahaifinka da hular kaboyi, jita a cinya, shanu biyu suna kiwo can baya. Matarka Kaneng ta duba hoton ta ce mai ɗaukar ya yi maka alfarma, domin a gida ba ka taɓa yin kyau haka ba. Ta faɗa tana dariya, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu har a cikin keken haya nakan ji muryarka. Ran nan na hau daga kasuwar Taminus, direban ya kunna waƙa ta uku, wadda kake yi wa saniyar nan mai karyayyen ƙaho. Yana bin amshi yana kuskuren baiti. Na so in gyara masa, na so in ce masa na san saniyar da idona, har ta taɓa take mini ƙafa. Sai na juya na kalli titi.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni dai ban manta ba. Shagon Babana na gyaran rediyo a Gada Biyu, ana ruwan sama da ƙanƙara kamar ana jifan kwano da tsakuwa. Sai ga wani dogon saurayi ya faɗo ciki, jiƙe sharkaf, yana warin madara, ya rungume wani abu a cikin buhu kamar jariri. Rakoda ce ta haɗiye maka kaset. Ka roƙi Baba cewa in ma rakodar za ta mutu ta mutu, amma a ceto kaset ɗin. Baba ya zaro zaren a hankali, ya naɗe da biro, ya mayar, ya danna. Sai muka ji muryar wani Bature mai kauri, da jita tana ja kamar mai kuka a bayansa.

Na tambaye ka me yake cewa. Ba ka yi ko tunani ba, ka ce wai saniyarsa ta mutu, matarsa ta yi yaji, motarsa ta lalace a hanya, kuma so yake ya koma ƙauyensu. Baba ya ɗago kai daga kan aikinsa ya ce, “To ai wannan mutumin Vom ne.” Muka yi dariya har ruwan ya ɗauke. Sai bayan shekaru na gane cewa rabin Turancin ma ba ka ji, ƙirƙira kawai kake yi. Amma abin da ka ƙirƙira ya fi na Baturen daɗi, kuma daga nan waƙoƙinka suka fara fitowa.

Kai ka koya mini sunan kiɗan, kantiri. Ka ce kiɗan manoma ne da makiyaya da direbobi, mutanen da suka bar gida suna kewa. A lokacin kana jan motar madara daga gonar shanu a Vom zuwa cikin gari, don haka ka ce duk ukun kai ne. Ni kuwa abin da nake da shi kalangun kakana ne, wanda mu Yarbawa muke kira gangan, da aka zo da shi daga Ogbomosho tun kafin a haifi Babana. Yana rataye a ɗaki, Baba ba ya so in taɓa, yana cewa sana'a ya kawo ni duniya in koya, ba roƙo ba. Kai ne ka zauna da shi ran wata Lahadi, ka yi ta ba shi labari, ka gyara masa ƙofar shago da ta karkace, har ya gaji ya ce mu je bayan shago mu yi haukarmu, amma kada ya ji lokacin salla.

Bayan shagon nan ne makarantarmu. Benci ɗaya, bishiyar gwaba, da tarin matattun rediyo. Da farko kiɗan ya ƙi haɗuwa. Jitarka tana tafiya kamar doki mai sassarfa, kalanguna yana magana kamar 'yar kasuwa. Ka ce in daina bin ka, in riƙa ba ka amsa. Ka rera layi, in mayar maka da ganga. Ranar da abin ya zauna, mai tuyar ƙosai ta maƙwabta ta bar kaskonta a wuta ta zo ta tsaya a bakin katanga. Ƙosan ya ƙone, ta ɗora mana laifi.

Sannan ka kawo molon kawunka, ka ce in aka saurara da kyau, da shi da jitar Turawan nan 'yan uwa ne. Bayan haka ka samo wani kaset a gwanjo ka ce wannan kiɗan bulus ne, na baƙaƙen fatar Amirka, mai nauyi, mai jan rai. Ka tuna yadda Kaneng ta yi lokacin kuna sabon aure? Kullum kana cewa ka kwana biyu kana fama da bulus, bulus ya hana ka sakat. Ta ɗauka Bulus maƙwabcinku ne, mai facin taya. Ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwar bawan Allah, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Har ya tsufa in ya gan ka sai ya ce ga mutumin da ya kusa raba shi da unguwa.

Jitar lantarki ta zo daga baya. Ni na haɗa maka amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da hannuna, da kayan cikin rediyo huɗu da lasifikar wata tsohuwar mota. Tana aiki, ba zan yarda a ce ba ta aiki ba. Illarta ɗaya, in leɓenka ya taɓa makirfo sai ta ja ka. A bikin auren nan na Bukuru ta fizge ka a tsakiyar waƙa ka kurma ihu, mutane suka ɗauka salo ne suka yi ta tafi. Ka sauko kana murza baki ka ce yau ka gane abin da ya sa masu kiɗan rok suke ihu. Daga ranar ka sa ihun a cikin waƙar, kuma na ji shi a faifan, a waƙa ta biyar, daidai wurin.

Mun yi wasa a wurare da yawa, Davou. Bikin godiyar girbi a cocinku, inda tsofaffin mata suke kirana Alhaji tun ban san hanyar filin jirgi ba. Sunan 'ya'yan 'yan uwana, inda gwaggonnina suke cika maka kwano da amala suna kallon yadda kake zufa saboda yaji. Ba mu yi suna ba, ba mu yi arziki ba. Wasu ma dariya suke, wai me ya haɗa Birom da hular kaboyi, me ya haɗa Bayarabe da kiɗan shanu. Kai kuwa ko a jikinka.

Amma in ka tambaye ni abin da na fi kewa, ba dandali ba ne. Motar madarar nan ce. Ranakun da nake kwana a Vom mu taso da sassafe, sanyi yana ratsa ƙashi, hazo ya kwanta a kan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Shingen ƙerana hagu da dama, mata da kwandunan dankali a ka, gwangwanayen madara suna ƙara a baya duk sanda muka faɗa rami. Kana tuƙi da hannu ɗaya kana buga sitiyari da ɗayan, kana gwada sabon baiti, ni ina kaɗa maka a kan cinyata. Mu tsaya wurin matar nan a kwanar Bukuru mu sha gwate mai zafi a tsaye. Waƙoƙi nawa aka haifa a wannan hanya? Nawa muka manta kafin mu iso Gada Biyu? A lokacin ban san cewa muna cikin mafi daɗin kwanakinmu ba. Na ɗauka haka rayuwa take, haka kuma za ta ci gaba.

Matata Mulikat da Kaneng suka zama kamar ya da ƙanwa. Naman layya ya tafi Kabong, shinkafar Kirsimeti ta zo Gada Biyu. Kwanukanmu sun cakuɗe har ba a san na wa ne na wa ba. Har yau akwai wata kula mai ruwan ƙasa a kicin ɗinmu da Mulikat take cewa ta Maman Nvou ce.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar da gari ya rikice, ka fi ni sanin abin da ka yi. Da hantsi ne, hayaƙi ya tashi ta ko'ina, kowa yana gudu bai san inda ya nufa ba. Muna kulle a ɗaki, ni da Mulikat da yara uku, sai muka ji hon ɗin motar madara. Ka shigo ba ka yi ko sallama ba, ka tura mu bayan mota tsakanin gwangwanaye, ka ja tamfol ka rufe. Ni ban ɗauki komai ba sai kalangun nan, ban ma san na ɗauka ba. Ka kai mu gidanka a Kabong, muka yi kwana uku a ɗakin ajiyar acca. Kaneng tana shigo mana da abinci a cikin bokitin wanki don kada a gane. Ka samo mini buhu mai tsabta in yi salla a kai, ka nuna mini gabas da yatsa.

Abin da ba ka sani ba, ko in ce abin da na ɗauka ba ka sani ba, shi ne wannan. Da muka zo wucewa ta gaban shagon Baba, wanda ya zama nawa bayan rasuwarsa, na ɗaga gefen tamfol na leƙa. Shagon yana ci da wuta. Mutane sun kai goma a wurin. A cikinsu na ga ƙanenka Pam, da jarka a hannunsa. Pam da yake zama a bencinmu yana cin gwaba. Pam da na gyara wa rediyo sau ba adadi. Na gan shi da idona, na saki tamfol, ban ce wa kowa komai ba, har Mulikat.

Na ce wa kaina don kai na yi shiru. Yaya zan dubi mutumin da ya saka ransa a kan nawa in ce masa ɗan uwansa ne ya ƙone gadon ubana? Me zai yi da wannan magana? Ya zaɓi ni ko ya zaɓi jininsa? Haka na riƙa gaya wa kaina. Amma gaskiya ta fi haka muni, Davou. Duk sanda na dubi fuskarka, fuskar Pam nake gani. Goshinku ɗaya, tafiyarku ɗaya. Na ɗora maka laifin da ba naka ba, na kuma ji kunyar kaina saboda na san ba naka ba ne, sai na gudu daga duka biyun.

Muka tashi daga Gada Biyu muka koma can wajen hanyar Bauchi, cikin mutanenmu, kamar yadda kowa ya yi a lokacin. Na buɗe ɗan shago, rediyo ta mutu na koma gyaran waya. Na rataye kalangu a bayan ƙofa. Ka yi ta kira. Ka ce akwai biki a Vom, na ce aiki ya yi yawa. Ka ce akwai sabuwar waƙa, na ce hannuna yana ciwo. Ka ce gari ya lafa, mutane suna shiga ko'ina, na ce Mulikat tana tsoro. Ƙarya nake, ita ce ma take yi mini faɗa. Mukan haɗu a Taminus jefi-jefi mu sha shayi, mu yi maganar tsadar taki da ciwon gwiwa, mu rabu. Shekara kusan ashirin ina ba ka uzuri, kana karɓa. Ba ka taɓa tambayata dalili ba. Me ya sa ba ka tambaya ba? Ko da yake, da ka tambaya, me zan ce?

Da ka yi ritaya, Nvou ta dawo daga karatu ta mayar da ɗakin accar nan wurin ɗaukar murya. Ta manna kwalin ƙwai a bango, ta sa kwamfuta. Ka kira ni da murna kamar yaro, ka ce a ƙarshe za ka tara waƙoƙin wuri ɗaya kafin haƙoranka su ƙare. Ka ce akwai waƙa guda da ba za ta yiwu ba sai da ni. Na ce insha Allahu. Shekara biyu ina cewa insha Allahu. Da aka ce mini an kwantar da kai a asibiti, na ce zan zo Asabar, in na rage aiki. Ka tafi ranar Alhamis.

Na je Vom, ko ka sani? Na tsaya can baya wajen shingen ƙerana, kamar baƙo. Na ga an ɗora hularka a kan akwati. Kaneng ta hango ni ta aiko a kira ni gaba, na ce nan ma ya isa. Na bar wurin kafin a raba abinci.

Bayan wata huɗu sai ga Nvou a shagona. Ta girma, Davou, ta zama cikakkiyar mace, tana magana tana ɗaga gira ɗaya kamar kai. Ta durƙusa ta gaishe ni da Yarbancin da Mulikat ta koya mata tun tana ƙarama. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, “Baba Rasaki, saurari wannan,” ta miƙo mini waya da abin sawa a kunne.

Waƙa ta bakwai ce. Jita ita kaɗai, a hankali, irin bulus ɗin nan mai nauyi. Sai muryarka, ta tsufa, ta dushe, amma ita ce. Kana rera layi sai ka yi shiru. Ka sake rera wani ka yi shiru. Duk waƙar haka, ramuka ne a cikinta, kowanne daidai tsawon amsar kalangu. Sai na ji abin da kake faɗa. Ka ce ka ga hayaƙi ta madubin mota, ka san hannun da ya kunna, nono ɗaya kuka sha. Ka ce ka ɗauko abokinka daga wuta, amma ba ka da bakin gaya masa wanda ya hura ta.

Na cire abin daga kunnena na shiga bayan shago. Ban san tsawon lokacin da na yi a can ba.

Ashe ka gani. Ashe duk shekarun nan da muke shan shayi muna maganar taki, abu ɗaya muke ɓoye wa juna. Washegari na je Kabong, karo na farko tun waɗancan kwana ukun. Hanyar ba ta kai yadda na ajiye ta a raina ba, keke ɗaya ne da 'yar tafiya. Kaneng ta zaunar da ni ta gaya mini sauran. Ta ce tun daga ranar ba ka sake cin abinci kwano ɗaya da Pam ba sai ana saura kwanaki ka rasu. Ta ce sau uku kana shiryawa za ka zo ka faɗa mini, ka sa takalmi, ka kai bakin ƙofa, ka dawo ka zauna. Kana tsoron in ban sani ba, kai ne za ka sa mini ciwon. In kuma na sani, to shi ya sa na guje ka, kuma ina da gaskiya. Ta ce mu biyun nan ba ta taɓa ganin wawaye irinmu ba. Ban musa mata ba.

Na sauko da kalangu. Fatar ta bushe ta tsage, sai da na kai wa wani tsoho a unguwar Nasarawa ya sake ɗaure shi. Na yi mako biyu ina motsa hannu, yatsu sun yi tauri, kafaɗa tana ƙara. Sannan na shiga ɗakin nan. Warin acca yana nan har yanzu a ƙarƙashin warin fenti. Na gane kusurwar da Mulikat ta rungume yara. Nvou ta sa mini abin ji a kunne, ta rufe ƙofa, ta danna. Ka yi gyaran murya a cikin kunnena, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, kamar kana tsaye a kafaɗata. Ka rera, na amsa. Ka rera, na amsa. Abin da bakina ya kasa faɗa shekara ashirin, ganga ta faɗa cikin minti biyar. Masu jin Yarbanci za su gane abin da na ce a amsa ta ƙarshe. Na ce na gani ni ma, na ce ba kai ba ne.

A baiti na biyu na makara da bugu ɗaya. Nvou ta ce abu ne mai sauƙi, za ta matsar da shi a kwamfuta babu wanda zai sani. Kaneng tana bakin ƙofa ta ce kada a taɓa. Ta ce tun tana amarya take jin kana dawowa gida kana ƙorafin cewa Rasaki ya sake makara a baiti na biyu, in aka gyara ba za ka gane ni ba ne. Haka aka bar shi. Duk wanda ya sayi faifan ya sayi kuskurena.

An yi taron fitar da faifan a harabar cocinku da yammacin wata Asabar. Mutane sun zo fiye da kujerun da aka tanada. Tsofaffin direbobin madara, matan zumuntar coci, Bulus mai faci da sandarsa. Mulikat ta zo da ƙawayenta huɗu da lulluɓinsu, suka zauna a sahun gaba kusa da Kaneng. An yi ruwa kaɗan ya ɗauke. Da aka sa waƙa ta bakwai babu wanda ya yi tari.

Pam yana wurin. Shi ne yake jera kujeru tun kafin mutane su zo. Ya tsufa fiye da shekarunsa, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Da aka tashi ya zo ya tsaya a gabana ya cire hula. Na daɗe ina shirya abin da zan ce masa in mun haɗu, kalmomi masu zafi, na haddace su kamar karatu. Ko ɗaya ban tuna ba. Ya ce, “Yaya Rasaki,” sai ya tsaya nan. Na miƙa masa hannu. Ban sani ba ko yafiya ce, kada in yi maka ƙarya. Wani lokaci in na tuna bencin Baba da akwatin kayan aikinsa, raina yana ɓaci kamar jiya aka yi. Amma na riƙe hannunsa, kuma da ya ce zai zo gaishe ni a gida ban ce kada ya zo ba. Ya zo sau biyu. Na farko ya kawo buhun dankali, ya ɗan zauna ya tafi. Na biyu mun ɗan yi magana.

Sauran labarin gida ba shi da yawa. Nvou ta samu miji, malamin makaranta ne daga Pankshin, mai hankali, sai dai ba ya iya riƙe amshi ko na waƙar yara. Za a yi bikin bayan girbi, kuma ta ce ni zan tsaya a inda ya kamata ka tsaya. Na ce mata ni Musulmi ne, ban san yadda ake yi ba. Ta ce tafiya ce kawai daga ƙofa zuwa gaba, ko gwiwata ba za ta iya ba? Kaneng ta koma noman kabeji a bayan gida, ƙafarta tana damunta lokacin sanyi. Jitarka ta lantarki tana wurin jikana na fari, yana damun unguwa da ita. An zuba kwalta a hanyar da muke faɗawa rami, matar gwaten nan ta rasu, 'yarta ce a wurin yanzu, hannunsu ba ɗaya ba. Inda shagonmu yake an gina wurin sayar da siminti. Gwabar ba ta nan.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya fi nauyi. Na yi ta bincike a cikin kaina ko akwai ranar da na faɗa, ban samu ba. Ranar da sojoji suka zo suka raka mu daga gidanka, na fito da yara, na hau mota, ban waiwaya ba. Ka ɗauko mutum biyar daga bakin mutuwa. Ɗana na fari yanzu yana da 'ya'ya uku, ta biyun tana aikin jinya, autan yana koyarwa. Duk waɗannan suna numfashi ne saboda wani direban madara ya juya motarsa ya nufi inda kowa yake gudu daga can. Kuma ban taɓa buɗe baki na ce maka na gode ba. Ko sau ɗaya.

Na gode, Davou. Na gode, ɗan uwana. Ka yafe mini Asabar ɗin da ban zo ba, da duk sauran ranakun.

Ni da kai ba mu taɓa yin gardama a kan inda mutum yake zuwa bayan nan ba. Kai kana da naka littafin, ni ina da nawa, Allah kuma ya fi mu sanin bayinsa. Ina yi maka addu'a yadda na iya. Ka huta lafiya. Za a kira la'asar, bari in tashi.

Naka har kullum,
Rasaki na Gada Biyu